TUDUN WADAN ZARIYA A CIKIN TSOFAFFIN HOTUNA

Kwanan baya mun kai ziyara gidan wani dattijo a Tudun Wadan Zariya, tsohon akawun En'e wanda ya kusa cika shekara casa'in a duniya. Bayan an gaisa an sha ruwa, sai ya sa jikansa ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, irin wanda 'yan makarantar midil kan tafi da shi makaranta a da. Da aka buɗe sai ga hotuna tuli, waɗansu sun yi ja, waɗansu gara ta ci gefensu. Muka shiga juya su ɗaya bayan ɗaya muna duba bayansu. Waɗanda aka rubuta wa suna ko shekara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Sauran duka labarinsu yana cikin kan Malam ne kaɗai, shi kuwa idonsa ya fara rauni. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Ya kamata mu fara da asalin garin, domin wanda bai san shi ba ba zai gane abin da hotunan ke nunawa ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya zo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. Da farko Sabon Gari ba ya hannun Sarki, yana ƙarƙashin Joji ne. Amma akwai waɗansu baƙin da ba su dace da can ba, ba su kuma da gidan gado a cikin ganuwa, watau 'yan Arewa waɗanda aiki ko fatauci ya kawo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Nufe. Su aka zaunar a Tudun Wada, a wajen Ƙofar Doka, ƙarƙashin mulkin Sarkin Zazzau. Sabo da haka garin ya tashi a tsakiya, birni a gefe guda, Sabon Gari da unguwar Turawa a ƙetaren Kubanni. Gari ne na akawuna da malamai da masinjoji da direbobi da dillalai, galibinsu ba nan aka binne cibiyarsu ba.

Hoton da ya fara tsai da mu na hanya ne. Turɓaya ce zalla, gidajen ƙasa a dama da hagun, rufin kwano ɗaya tak a cikin jerin, sai kekuna uku da jaki ɗauke da itace. Can baya ana hangen karan dawa a tsaye. Malam ya ce a lokacin in mutum ya fito Ƙofar Doka sai ya ratsa fili da gonaki kafin ya shigo gari, har yara ba su yarda a aike su birni bayan magariba ba. Wanda ya bi wannan hanya yau ba zai iya nuna inda birni ya ƙare Tudun Wada ya fara ba, in ba don ƙofar ba.

Sa'an nan muka zo kan hotunan Kongo, su ne suka fi yawa. Masu karatu da suka yi aikin En'e sun san wurin sarai. An buɗe shi a 1947 don koyar da aikin akawu, a 1954 ya zama makarantar koyon sha'anin mulki, a 1962 kuma ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Tsarin hoton aji kullum iri ɗaya ne. Malamai suna zaune bisa kujeru a tsakiya, Bature ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ɗalibai sun yi sahu biyu ko uku a baya, na ƙarshe sun hau benci. Kowa ya soke alƙalami a aljihun gaba. Waɗannan samarin su ne suka koma lardunansu suka riƙe baitulmali da littafin haraji da na jangali, waɗansu suka zama magatakardan majalisa, har aka kawo ƙarshen tsarin En'e a 1976. Malam ya bi sahu da yatsa yana kiran sunaye, yana faɗin garin kowa da inda ya ƙare. Ya yi sahun farko ba gargada. A na biyu ya tsaya sau uku. Da ya kai na baya sai ya yi shiru, ya kusanto da hoton ga idonsa, ya ce wannan dai ɗan Adamawa ne, sun kwana ɗaki guda wata shida, amma sunan ya ɓace masa.

Haka abin yake ga wani hoto na ma'aikatan Gaskiya wanda ya gada daga wansa. Kowa ya san an fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam ne edita, an kuma kafa kamfanin Gaskiya a 1945 bisa ƙoƙarin Dokta East. Sunayen waɗannan biyu suna cikin littattafai, ba mai tsoron su ɓace. To, amma masu jera haruffa fa, da masu juya inji, da masu ɗinkin littafi, da masu ɗaure jarida a kai tasha? Ga su nan tsaye a baya da gajeren wando da hannuwa baƙi ƙirin da tawada, su ne suka fitar da littattafan da aka yi yaƙi da jahilci da su. Mu a ganinmu rashin sunayensu hasara ce babba, domin tarihin Tudun Wada nasu ne fiye da na manyan da ke zaune a kujera.

Kada kuma a ɗauka duk abin da hoto ya nuna haka yake. Galibin masu ɗaukar hoto a lokacin mutanen Kudu ne masu shago a Sabon Gari, da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle da suke lulluɓe kai da shi. Zuwa wurinsu kuwa sha'ani ne, sai an yi shiri. Malam ya yi dariya ya nuna mana kansa yana saurayi, ya dafa rediyo, agogo na walƙiya a hannunsa. Ya ce rediyon na mai shago ne, agogon na abokinsa ne, rigar ma aro ce, takalmin kaɗai ne nasa. Duk wanda ya zo nan gaba ya auna arzikin akawun En'e da irin wannan hoto, lalle zai yi kuskure. Har wa yau akwai abin da hotunan suka yi shiru a kansa. A cikin akwatin nan duka ba mu ga matan gida ba, sai 'yan mata masu talla da suka faɗo a gefen hoto ba da niyya ba, alhali kuwa su ne suka ciyar da gwagwaren garin da tuwo da ƙosai da fura.

Hoton da ba shi da shekara ba a fid da rai da shi, in an lura da alamu. In aka ga tutar Ingila bisa ofis, to, kafin 1 ga Oktoba 1960 ne. In motoci suna bin hannun hagun, ba a kai Afrilu 1972 ba, don a watan ne aka koma dama. In an rubuta farashi da fam da sule a jikin kanti, ba a shiga 1973 ba, shekarar da naira ta fito. In Sarki Ja'afaru ne a tsakiyar taro, tsakanin 1937 da 1959 ke nan, in kuwa Sarki Muhammadu Aminu ne, daga 1959 zuwa 1975. In ƙaramin jirgin nan na Jos ya fito a hoto, bai wuce 1957 ba, don a shekarar aka rufe hanyarsa. Da haka muka sa wa hoton hanyar nan iyaka, gama a kusurwarsa akwai wata mota da ta kama hagun. Kazalika hatimin da mai hoto ya buga a baya yana da amfani, kada a kankare shi. Amma alamu shekara kaɗai suke bayarwa, ba su kiran sunan mutum. Wannan sai wanda ya san shi.

Ga abin da muke roƙon tsofaffin akawuna da malaman makaranta, da 'ya'yansu da jikokinsu. A fito da akwatunan tun masu su suna da rai, a zauna da su da hantsi lokacin da haske ke da kyau. A rubuta a bayan kowane hoto sunayen mutane daga hagun zuwa dama, sahu sahu, da wuri da dalilin taron. Da fensir za a rubuta, a hankali, don tawadar biro takan huda takarda ta ɓata fuska. Inda ake shakka a rubuta cewa ana shakka, kada a cike gurbi da zato. Hoton da ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi da ƙarfi, a bar shi yadda yake a ɗauke shi da waya. A raba su da ƙasa da jikin bango sabo da damshi da gara. Wanda ya ga ba mai kula da su a bayansa, ya nemi shawarar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don adana tarihin Arewa, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can garin. Malaman makaranta kuma suna iya sa ɗalibai su yi wannan aiki a gidajensu lokacin hutu, ya fi a ba su tarihin wata ƙasa mai nisa su haddace.

Gaggawar tana da dalili, domin garin kansa yana sāke kama. Asibitin koyarwa da aka san Tudun Wada da shi ya tashi zuwa Shika a 2005, gidajen ƙasa kuma ana ta rushe su ana gina shaguna. Ba da jimawa ba hoton zai zama shi kaɗai ne shaida.

Mun koma wurin Malam bayan kwana huɗu da fensir biyu, muka zauna tun safe har azahar, jikansa yana rubutawa. Ana cikin hoton Kongo sai ya buga cinya ya kira sunan ɗan Adamawan nan, ya ce da asuba ya faɗo masa yana alwala. Aka rubuta. Saura mutum biyu a sahun baya, ya ce a bar gurbinsu, akwai wani abokin karatunsu a Funtuwa da za a aika wa.