Yadda Ake Katse Wa Kwamfuta Hanzari

Masu gyaran kwamfuta a Banex Plaza da ke Wuse II, Abuja, sun saba da kuka iri ɗaya daga ma'aikatan ofisoshi, watau injin ya yi nauyi, sai an jima kafin harafi ya fito. Galibi akan ɗora wa ƙwayar cuta laifi, a goge kome da kome, mai shi ya yi asarar takardun shekaru. Alhali kuwa wani lokaci ciwon yana cikin yadda sassan injin ke neman a saurare su.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira firosesa, ba ta zagayawa tana tambayar kowane sashe ko yana da magana, domin da haka take yi da ba ta gama kome ba. Sai dai duk sashen da ya sami labari ya aika mata da alama ta lantarki, ya katse mata hanzari. Nan take sai ta adana inda ta tsaya, ta duba wani jadawali da ke nuna umarnin da ya dace da mai kiran, ta biya masa bukata, sa'an nan ta koma aikinta kamar ba a yi ba.

To, idan biyu suka yi kira tare fa? A kwamfutar IBM ta 1981 an sa wani ɗan guntu mai suna Intel 8259 ya zama kamar masinjan ƙofar babban sakatare, yana da layuka 8, kowanne da darajarsa. Layi na 0 na agogo ne, wanda ke bugawa wajen sau 18 cikin daƙiƙa guda, na 1 kuma na allon rubutu. A 1984 aka ƙara guntu na biyu, layukan da za a iya amfani da su suka zama 15. Ko da haka ba su isa ba. Waɗanda suka yi aiki da injunan farkon shekarun 1990 ba su manta da yadda katin sauti da firinta kan yi rigima a kan layi na 7 ba. Injunan yau sun rabu da wannan ƙunci, don yawancin sassa saƙo suke rubutawa maimakon jiran waya tasu ta kansu.

Amma sashen da ya lalace, ko wanda aka sa wa direban da bai dace ba, yana iya yin kira ba ƙaƙƙautawa har firosesa ta rasa sukunin aikin mai ita. A Windows, Task Manager yana nuna wannan a layin “System interrupts”. Idan adadin ya hau ya ƙi sauka, mai gyaran kirki zai fara da zare abubuwan da aka jona ta USB ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta direbobi, kafin ya taɓa fayil ko guda.