Ko Ka San Man Kusbara Yana Kashe Ƙwayoyin Funfuna?

Kusbara, wadda masana tsirrai ke kira Coriandrum sativum, danginsu ɗaya da karas, kuma ɗan Adam ya daɗe da saninta, domin an tarar da 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar. Indiya ce kan gaba wajen nomanta a yau, sai dai Rasha ta fi shahara da tatsar manta, saboda irin da ake shukawa can mai ƙananan 'ya'ya ne, kuma ya fi mai.

Ana tatsar man ne da tururi. Ana farfasa busassun 'ya'yan a zuba su cikin tukunyar ƙarfe, a tura musu tururi daga ƙasa, shi kuma ya kwashi man ya bi ta wani bututu da ruwan sanyi ke kewaye da shi, inda zai koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, don da wuya ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin 'ya'yan. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan mai sinadari ɗaya ne mai suna linalul, wanda shi ke ba shi ƙamshin fure, yayin da man ganyen ya ƙunshi wasu sinadarai dabam da ake kira aldehaid, masu ƙamshin da wasu mutane ke ji kamar na sabulu.

Ƙwayoyin fungas, wato dangin funfuna da masu haddasa makero, kowace tana lulluɓe da wani siririn tantani da ke riƙe abin da ke cikinta. A 2011 masu bincike a Jami'ar Beira Interior ta ƙasar Fotugal suka gwada man kusbara a kan Candida, ƙwayar da ke sa farin baki ga jarirai da ƙaiƙayin gaba ga mata, suka ga yana lalata wannan tantani, har ƙwayar ta tsiyaye kamar salkar da aka huda, ta mutu. A 2014 wasu masana a Burazil suka nuna cewa man ganyen yana kama agostirol, wani maiƙo da tantanin fungas ke dogara da shi, wanda kuma babu shi a jikin ɗan Adam. A Jamus ma an gwada man shafawa mai kashi 6 cikin 100 na man kusbara ga masu ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, aka ga sauƙi.

Sai dai mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin bincike aka yi su, na Jamus kuwa mutane kaɗan ya ƙunsa. Tsantsar man tana iya ƙona fata, kuma ba abin sha ba ce, saboda haka mai fama da irin wannan cuta asibiti ya kamata ya fara nufa.