Na'urar Daidaita Laima A Cikin Fiyano: Magani Ce Ko Ƙarin Cuta?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗa da damina ya san yadda mai ganga yake kara fatar gangarsa a bakin wuta kafin ya soma kiɗi, domin laima ta sa fatar ta saki, muryarta ta dushe. To, irin wannan matsala ce take damun masu fiyano a Turai da Amurka, har ma da majami'u da makarantun da suke da shi a nan ƙasar. Bambancin kawai shi ne fiyano ba a kai shi bakin murhu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin a bar shi ya lalace ana kallo.

Tun daga wajen shekarar 1700 da Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano na farko a birnin Fulorens na ƙasar Italiya, yawancin jikin wannan abin kiɗa itace ne. Fiyano na yau yana da maɓallai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, waɗanda ƙarfin ɗaurinsu gaba ɗaya ya kai kimanin tan 18. Firam ɗin ƙarfe ne yake riƙe wannan nauyi, amma amon yana fitowa ne daga wani faffaɗan allo mara kauri na itacen ƙasashen sanyi, wanda aka ɗan yi masa doro a tsakiya. Tsirkiyoyin suna bi ta kan wata gada da aka manna a jikin allon, bakinsu kuma yana naɗe a kan turakun ƙarfe da aka kafa cikin wani katako mai tauri.

Itace kuwa, ko ya shekara ɗari da sarewa, ba ya daina shan laima da fitar da ita. Shi ya sa ƙofar katako take cijewa a watan Agusta, ta kuma yi sako-sako da hunturu. In laima ta yi yawa, allon amo ya kan kumbura, doronsa ya ƙara tashi, ya tura gadar sama, tsirkiyoyi su ƙara ɗaurewa, sai murya ta hau, musamman a maɓallan tsakiya. In iska ta bushe sai komai ya koma baya, murya ta sauka. Wannan hawa da sauka ba shi ne babban abin tsoro ba, tun da mai saiti zai iya gyara shi. Abin tsoron shi ne allon yana manne ta kowane gefe, ba shi da wurin miƙewa, saboda haka duk lokacin da ya kumbura sai jijiyoyin itacen su matse juna har su murƙushe, in rani ya zo kuma wurin da ya murƙushe ya tsage. Haka nan katakon turaku in ya bushe ƙwarai ramukansa su kan yi faɗi, turakun su kasa riƙe tsirkiya, kuma wannan gyara ne mai tsadar gaske.

Kamfanin Yamaha na Japan ya ga zahirin wannan a farkon shekarun 1960, sa'ad da fiyanonin da ya fara aikawa Amurka suka gamu da bushewar gidajen da ake ɗumamawa da sanyi, turakunsu suka saki. Daga nan ne kamfanin ya shiga busar da katako gwargwadon yanayin ƙasar da za a kai kayan.

Na'urar da ake muhawara a kanta, wadda kamfanin Dampp-Chaser na Amurka, wanda aka kafa a 1947, ya fi shahara da ita, kashi uku ce. Akwai sandar lantarki mai ɗan ɗumi wadda take korar laima. Akwai tankin ruwa mai ƙyalle rataye a kan wata sandar, wanda yake fitar da laima in iska ta bushe. Sa'an nan akwai ma'auni, wanda yake kunna wannan ya kashe wancan, da nufin a tsayar da laimar da ke kewaye da allon amo a wajen kashi 42 zuwa 45 cikin 100.

Masu goyon bayanta, waɗanda yawancinsu masu sana'ar saitin fiyano ne, hujjarsu ita ce abin da suke gani a wurin aiki: fiyanon da ke da ita ya kan daɗe muryarsa ba ta kauce ba, maɓallai ba sa cijewa da damina, tsatsa kuma ba ta saurin kama tsirkiya. Wannan ya fi tabbata ga fiyano na tsaye, domin shi akwati ne rufaffe, iskar cikinsa ba ta da yawa, ɗan ɗumi ya ishe ta. Babban fiyano na kwance kuwa ƙarƙashinsa a buɗe yake, na'urar tana maƙale a ƙarƙashin allo, ba ta isa sosai ga gudumomin ulu da katakon turaku da ke sama. Don haka ne ake ƙara masa mayafi daga ƙasa, wani lokaci har da wani a kan tsirkiyoyin.

Masu suka su ma ba a banza suke magana ba, sai dai in an bi diddigi za a ga yawancin ɓarnar da suke nunawa daga rabin na'ura ta fito, ko kuwa daga sakaci. Mutum ya kan sayi sandar ɗumi ita kaɗai, ba tare da ma'auni ba, ya bar ta tana ci dare da rana, rani da damina. Wannan kam gasa fiyano ne a hankali, kuma shi ne ya fi ɓata wa na'urar suna. Wani ya cika tanki har ya zube a kan katako. Wani ya bar ƙyallen shekara da shekaru har ya yi fumfuna, alhali ana son a sake shi kamar sau biyu a shekara. Wani kuma ya zuba wa ruwan maganin da ba nasa ba, tururinsa ya ci ƙarfen tsirkiya. In tankin ya ƙafe ba a kula ba, saura sandar ɗumi kaɗai take aiki, an koma gidan jiya ke nan.

A nan ƙasar akwai ƙarin wata damuwa, watau yawan ɗauke wuta. Na'urar da take aiki yau, ta kwana uku a kashe, ba za ta iya tsayar da komai ba. Ga shi kuwa a wuri kamar Kano laima ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta haura 70 a tsakiyar damina, fiyanon da aka ɗauko daga Legas kuwa ya saba da laima mai yawa kusan duk shekara. Inda hali ya samu, daidaita iskar ɗakin gaba ɗaya ya fi, domin ta haka ne kowane sashe na fiyanon zai amfana. Inda bai samu ba, cikakkiyar na'ura mai ma'auni, wadda gwani ya ɗaura, aka kuma sa mutum guda ya riƙa duba ruwanta kamar kowane mako biyu, amfaninta ya rinjayi haɗarinta nesa ba kusa ba.

Ko da na'ura ko babu, masu sana'ar suna ba da shawarar a nisanta fiyano daga taga, da hasken rana, da bakin ƙofar waje, da iskar iyakwandishan. In an ɗaura sabuwa kuma, a bar katakon ya yi 'yan makonni ya zauna kafin a kira mai saiti, domin in an yi gaggawa muryar za ta sake kaucewa a biya kuɗi sau biyu.