Tsohon Gem Ɗin da Ke Ɗakin Ajiya: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Wata magana ta daɗe tana yawo a wayoyin matasa da majalisun masu shayi, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, kuma duk sanda aka ce ta kwanta sai wani sabon bidiyo ya tashe ta. Wai tsofaffin na'urorin gem da aka yi yayinsu a da sun zama dukiya, Turawa na sayensu da miliyoyi. Wasu sun ƙara mata gishiri, sun ce akwai jar zaiba a cikinsu, wadda ake kira makuri, ɗigo ɗaya ya sayi gida. Za ka ji yaro na cewa, "Kawu, ina gem ɗin nan naka na da? Kada fa ka bai wa 'yan gwangwan, kuɗi ne." Abin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa shi ne akwai gaskiya a gindinta. An dai ɗora mata kayan da ba nata ba.

Mu fara da ɓangaren da yake gaskiya. A watan Yulin 2021, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Dallas a Amurka ya sayar da kaset ɗin Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu bayan ya sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000. Wata guda bayan haka wani kaset na Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Kafin su, a Maris ɗin 2020, an sayi wata na'urar gwaji da Nintendo da Sony suka haɗa hannu suka ƙera amma ba ta taɓa shiga kasuwa ba, a kan dala 360,000. Duk wannan ya faru. Sai dai a lura da kayan da aka sayar: kaset-kaset ne da suke a rufe cikin ledarsu ta kamfani, ba a taɓa buɗe kwalinsu ba tun ranar da suka fito, kuma ƙwararru sun duba sun ba su maki. Na'urar gwajin kuwa, a lokacin, ita kaɗai ce aka san ta rage a hannun jama'a. Shi kansa Super Mario Bros. an sayar da kwafinsa kimanin miliyan 40 a duniya, don haka wanda aka buɗe aka buga, 'yan daloli kaɗan ake sayensa ko a Amurka. Har ma waɗancan farashi na 2021 ba su tsira daga zargi ba, domin a 2022 an kai kamfanin ba da maki na Wata Games kotu bisa zargin hura farashi, kuma kasuwar ta sauko daga baya. Manomin albasa a Aliero ya san farashin da ake faɗa a Mile 12 ta Legas ba shi ne na bakin gona ba, balle kuma idan albasar ba irin wadda ake nema ba ce.

A nan ne babbar matsalar take, domin yawancin abin da muka buga a wannan yanki ba na ainihi ba ne. Nintendo ya fitar da Family Computer, wadda ake taƙaitawa Famicom, a Japan ranar 15 ga Yulin 1983, shekara takwas kafin a yanke jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. Ba da jimawa ba masana'antu a Taiwan, daga baya China, suka shiga kwaikwayonta suna cika kasuwannin ƙasashen da Nintendo bai kafa shago ba. A Rasha sunanta Dendy, a Poland Pegasus, a wasu ƙasashe Terminator. Irinsu ne suka riƙa shigowa ƙasar nan ta Alaba da Sabon Garin Kano da hanyar Kwatano, har suka iso shagunan kayan lantarki na garuruwanmu, da kaset ɗinsu rawaya da bindigar harbin agwagi. Kaset ɗin da aka rubuta wa wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, ko ma miliyan, wasanni 'yan ƙalilan ne a ciki ake ta maimaitawa da sabon suna. Nintendo bai taɓa yin kaset irin wannan ba.

Akwai waɗanda za su rantse cewa Sega suka mallaka, don baƙa ce kuma an rubuta 16 BIT a samanta. Gwajin mai sauƙi ne: idan Super Mario na asali da wasan tankoki da harbin agwagi take bugawa, to kwaikwayon Famicom ce aka sa wa rigar Mega Drive ta Sega. Mario na Nintendo ne, kuma ba a taɓa fitar da shi a Mega Drive bisa ƙa'ida ba. Haka PolyStation, wadda ta ɗauki siffar PlayStation: ka danna murfi ya buɗe, maimakon wurin faifai sai ka ga ramin kaset.

Wanda ya ɗauki tsohuwar Famicom ta ainihi a hannu zai ji bambanci. Fara ce da ja mai duhu, hannuwanta biyu a haɗe suke da jikinta da waya, ba a cire su, kuma akwai gurbin ajiye su a gefe da gefe. Hannu na biyu ba shi da maɓallan Start da Select, 'yar makirfo ce a wurin. A ƙarƙashi an rubuta HVC-001. Idan mai gyaran rediyo ya kwance ta, zai ga fanel cike da ai-si masu ƙafafu, kowanne da rubutu a bayansa. Ya kwance jabun da aka yi daga baya kuwa, sai ya tarar da fili fayau, sai ɗan guntun fanel da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. Duk na'urar a ƙarƙashin ɗigon nan take. Shi ya sa ba ta da nauyi.

Sai maganar shekaru, inda aka fi yin kuskure da zuciya ɗaya. Mutum zai kunna gem ya ga 1985 a fuskar talabijin, ya ce ai ga shaida, na'urarsa ta 1985 ce. Wannan shekarar da aka fitar da wasan ce, ba shekarar da aka ƙera na'urar ba. Jabun da aka haɗa bara ma 1985 zai nuna. Ko ta ainihin ma ba ta tsaya a shekara ɗaya ba, domin Nintendo bai daina ƙera Famicom ba sai 2003. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe shekara ashirin ke nan, kuma masu tarawa sun fi neman ta farkon, wadda maɓallanta na A da B masu kusurwa huɗu ne na roba mai laushi, kafin a mayar da su zagayayyu.

Hanyar da ta fi inganci ita ce karanta bayan ai-si. Masana'antu da yawa suna buga lamba huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Idan ka ga 8534, an yi shi a mako na 34 na 1985. Ka duba duka, ka ɗauki wanda ya fi kusa: na'urar ba za ta girmi ƙaramin cikinsu ba, sai dai in an taɓa canza shi wajen gyara, kuma dalmar mai gyara ba ta ɓuya. Siffar jiki ma tana magana. Na'urar Atari ta 1977, wadda aka haɗa a Sunnyvale ta California, maɓallai shida gare ta a gaba kuma tana da nauyi. Daga 1980 suka koma huɗu. Mega Drive, da ta fito a Japan a 1988 ta isa Turai a 1990, samfurinta na farko babba ne mai wurin sa abin sauraro na kunne da maɓallin ƙara murya. Ƙaramar ta zo a 1993.

PlayStation ce ta fi sauƙin ganewa, kuma ita ce aka fi samu ta ainihi a wurinmu, saboda kayan gwanjo da gidajen gem da suka cika unguwanni, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a kan benci da ƙarar janareta a bayansu. Juya ta ka karanta takardar da ke manne. Ta farko ta fito a Japan a Disambar 1994 da lamba SCPH-1000. 1001 ta Amurka ce, 1002 ta Turai. Waɗannan na farko suna da ramuka ja da fari da rawaya a baya, waɗanda aka cire a samfuran baya. PlayStation 2 ta fito a 2000, siririyarta a 2004. A waɗanda aka yi wa Turai akwai lamba da harafi, misali 8C: lambar ita ce ƙarshen shekara, harafin kuma rubu'in shekara daga A zuwa D, wato 2008 tsakanin Yuli da Satumba. Na Amurka galibi an rubuta wata da shekara ƙarara. To amma kasancewarta ta ainihi ba ya mayar da ita abin nema ruwa a jallo. An sayar da PlayStation ta farko fiye da miliyan 100, ta biyu fiye da miliyan 150. Abin da ke da yawa haka ba ya tsada.

Mai cewa Nintendo ko Atari ce na'urar gida ta farko shi ma ya kuskure. Magnavox Odyssey ce, ta 1972, aikin injiniya Ralph Baer. Ba ta da sauti, kuma ledoji masu zane ake mannawa a fuskar talabijin don su zama filin wasa. Duka-duka kimanin 350,000 aka sayar, yawanci a Amurka. Da wuya ƙwarai a same ta a ɗakin ajiya a Jega.

Rawayar jiki ba shaidar tsufa ba ce. Zafi da hasken rana ne ke sauya launin robar, kuma a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, na'urar da ta yi 'yan shekaru kusa da taga za ta fi wadda ta shekara talatin cikin kwali rinewa.

Maganar jar zaiba kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce ta fi damuna, domin ita ke sa a fasa kaya a kuma yi asarar kuɗi. Babu wani sinadari mai wannan suna da aka taɓa tabbatar da shi a keken ɗinki, ko rediyo, ko dutsen guga, ko gem. A 2009 wannan jita-jita ta mamaye Saudiyya, aka ce tana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, mutane na kara waya kusa da allura wai idan sabis ya ɗauke to akwai ta, har 'yan sanda suka shiga bincike. Ba a samu komai ba. Salon damfarar ɗaya ne a ko'ina: wani zai ce yana da mai saye a waje, amma sai ka biya kuɗin gwaji, ko na rajista, ko na aikawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye na gaskiya hoton takardar ƙarƙashi da na fanel zai nema, ba kuɗinka ba. Zaiba ta gaske ruwa ce mai launin azurfa, kuma guba ce. Akwai ɗan burbushinta a siririn ƙwan fitilar da ke haska fuskar wasu na'urorin hannu irin Game Gear ta Sega, kuma fasa shi cutarwa ce kawai, ba riba.

Zinare fa? Akwai, wannan gaskiya ne. Haƙoran kaset ɗin ainihi an shafa musu zinare don kada su yi tsatsa, amma shafen ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Sai an tara tulin fanel kafin a samu abin aunawa, kuma ƙona su ko jiƙa su a asid yana fitar da hayaƙin dalma da wasu gubobi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara fiye da 400 a annobar gubar dalma da ta ɓulla a 2010 wajen sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Bai kamata a sake shigo da irin wannan haɗari tsakar gida saboda kaset ɗin gem ba.

Duk da haka ban yarda a zubar da su ba, har da jabun. Su ne shaidar yadda wasan lantarki ya shigo garuruwanmu, da hanyar da ya biyo, da abin da iyaye suka iya saya wa 'ya'yansu. Ɗaliban lantarki da na kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su koyi abu mai yawa daga kwance Famicom ta ainihi a ajiye ta gefen kwaikwayonta. Wanda ke da ɗaya ya cire batura idan akwai, ya goge ƙurar hunturu da busasshen burushi, ya ajiye ta a inuwa nesa da danshin damina, kuma ya tsare kwali da takardunta daga gara, domin sau da yawa su ne ke ɗaga darajarta. Bindigar agwagi ba ta aiki da filasma, sai tsohuwar talabijin mai doro, don haka kada a ce ta mutu.

Kafin a jona ta da wuta, a karanta jikin adafta. Kayan Japan na wuta 100 ne, na Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Famicom ko PlayStation ta Japan da aka soka kai tsaye a soket ɗinmu za ta iya ƙonewa nan take, don haka a kai wa mai gyara ya duba, a nemi taransifoma mai rage wuta tukuna.