Ɗakin kwamfuta: mai sayarwa ne zai auna?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗakin kwamfuta ya tashi daga ado ya koma dole. Yaron Gwaram da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, a neman harafi lokacinsa yake ƙarewa. Don haka makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan siyasa kowa na son a ce ya kafa ɗaki. Kafin a ɗaura zaren buɗewa ake yin kuskuren.

Hanyar da aka fi bi ita ce jinga: a ba kamfani ɗaya komai, kwamfutoci da tebura da waya da sola da batir, ya gama ya miƙa makulli. Akwai sauƙi, ba musu. Farashi ɗaya, mutum ɗaya za a kama in abu ya lalace. Sai dai shi ya auna buƙatar, shi ya zaɓi kayan, shi ya sayar, kuma sau da yawa shi ne zai ce aiki ya yi. An ba kura ajiyar nama ke nan, ko da kurar mai tsoron Allah ce.

Ɗaya hanyar ita ce a fara ɗauko injiniyan da ba ya sayar da ko ƙusa. Ya zo ya ga ɗakin, ya zana, ya rubuta jerin kaya, 'yan kwangila su yi takara a kan takarda ɗaya, sannan ya tsaya a kan aikin.

A Birnin Kudu da Gwaram, kwamfutar ba ita ce abin wuya ba, wuta ce. Kwamfutar tebur da allonta na iya jan wat 150. Guda 40 sun kai kilowat 6, ba a sa fanka ba. Ta cinya mai jan wat 60, guda 40 ba su wuce kilowat 2.4 ba. Wannan zaɓi kaɗai na iya rage kuɗin sola da fiye da rabi, amma mai sayar da batir ba shi da dalilin faɗa maka. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, alhali batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. A jibge shi a lungu mara taga, a ƙarƙashin kwano, an gama da shi. Ƙurar hunturu da tsawar damina kuwa, ba kasafai suke shiga takardar farashi ba.

In cibiyar JAMB ake nufi, inda ake buƙatar kwamfuta 250 aƙalla, gina ta ba mai zane na daban ganganci ne. Ɗakin mutum 20 a makarantar ƙauye fa? Kuɗin injiniya na iya cinye kwamfuta biyu ko uku, don haka jinga ba laifi, muddin an samo wani na waje ya gwada kayan, an kunna duka lokaci guda da tsakar rana, wutar KEDCO a kashe. A kuma riƙe wani kaso na kuɗin har damina ta wuce, domin mai gyara daga Kano ko Dutse zai taso, kuma an fi samunsa a waya in yana bin bashi.