Haddin Albashi da Togaciyarsa a Ƙwallon Kwandon Amurka



Tun daga kakar wasa ta 1984 zuwa 1985, hukumar NBA mai tafiyar da gasar ƙwallon kwando a Amurka, bisa yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa, ta yanka wa kowane kulob haddin abin da zai kashe a albashi, wanda a lokacin dala miliyan 3.6 ne kacal, domin kada attajiran manyan birane su kwashe gwanaye kaf su bar ƙananan garuruwa hannu rabbana. Amma kamar yadda malaman fiƙihu suka ajiye rukhsa kusa da azima, haka masu wannan doka suka bar ƙofofin togaciya.

Mafi girmansu ita ce wadda aka raɗa wa sunan Larry Bird, gwanin Boston Celtics. Hukuncinta shi ne, duk ɗan wasan da ya cika kaka uku ba a sallame shi ba, bai kuma koma wani kulob da ƙashin kansa ba, to idan wa'adin kwantiraginsa ya ƙare, kulob ɗinsa yana da ikon sabunta masa ko da kuɗin zai haura haddi. Har ma a yau yana iya ba shi shekara biyar, alhali baƙon kulob ba ya wuce huɗu. Akwai ƙananan togaciya, kamar ta matsakaicin albashi da ta sababbin 'yan wasa, sai dai ba su kai wannan nauyi ba.

Ta ƙofar Bird ce Chicago Bulls ta biya Michael Jordan sama da dala miliyan 33 a kakar 1997 zuwa 1998, shi kaɗai, a shekarar da haddin kulob gaba ɗaya bai kai miliyan 27 ba. Saboda irin haka ne yarjejeniyar 1999 ta ƙayyade iyakar albashin mutum guda, kuma daga bisani aka fara karɓar harajin almubazzaranci daga duk kulob ɗin da ya wuce gona da iri.

A ganina togaciyar Bird adalci ce, domin garin da ya reni yaro har ya zama gwani shi ya fi cancantar riƙe shi. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.