Labarin Zuciya Ba Fuska Kaɗai Ake Tambaya Ba

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma fuskar Bahaushe ta iya kunya, ta kuma iya ɓoyo. Falke yakan ci kasuwar Karaye yana raha, alhali bashi ya hana shi barci. Mai jego a Rogo takan amsa da lafiya lau, alhali numfashinta na sarƙewa in ta kwanta. Saboda haka likitoci suka nemi shaidun da ba su jin nauyin kowa, watau bugun zuciya da motsin ƙwaƙwalwa.

Wannan sani ba baƙo ba ne wurin malamai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana cikin littafinsa Alƙanun yadda likita zai riƙe jijiyar hannun wanda bege ya kayar, a yi ta ambaton sunayen mutane da wurare. Inda bugun ya rikice, nan asirin yake. Abin da likitocin Turai suka ƙara shi ne alƙalami. Kowane bugu na zuciya yana tafe da 'yar wutar lantarki. A 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya bayyana na'urarsa mai zana wannan wuta, ita ce ECG. A 1924 Hans Berger na Jamus ya ɗauki irinta daga ƙwaƙwalwar mutum, ita ce EEG. Wayoyi ake manna wa fata, ba allura, ba yanka. Na'urar ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi.

To, ga yadda damuwa ke bayyana. Zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Jijiyoyi iri biyu ke sarrafa ta kamar doki, ɗaya ƙaimi, ɗaya linzami. Mai natsuwa linzaminsa na aiki, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana gajarta in ya ja numfashi, tana tsawaita in ya sake shi. Wanda damuwa ta daɗe a kansa kuwa ƙaimi ke rinjaya, sai bugun ya yi sauri, tazarar ta kusa daina sauyawa. Haka ƙwaƙwalwa. In mutum ya rufe ido ya natsu, zanenta yakan kaɗa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, in ya buɗe ido ko ya shiga lissafi sai kaɗawar nan ta ja baya. Da wannan awo ake bin sawun farfaɗiya, wadda wasu ke kira bugun iska, ga shi kuwa tana da magani a asibiti.

Amma fa awo ba ya faɗin dalili. Zazzaɓi da goro da tsufa da rashin barci duk suna sauya bugu. Agogunan hannu da ake sayarwa a kasuwar waya, masu nuna lambar damuwa, kintace suke yi. Ba su san bashi ba, ba su kuma zama likita ba.

Babban amfanin awo a ƙasar nan shi ne raba damuwa da ciwo, don sukan yi kama. Akwai raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego, kuma arewa maso yammacin Nijeriya tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi nazarinsa tun shekarun 1970, suka zargi wankan jego da kunun kanwa. A 2020 Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi da abokan aikinsa, suka fitar da binciken mata 406. Sun sami inda ciwon ke kama mace 1 cikin haihuwa 96. Ba su ga al'adun jego sun yi tasiri ba. Abin da suka gani shi ne rama, da hawan jini na ciki, da rashin karatun boko, da rashin sana'a.

A 2024 aka bayyana wani gwaji na asibitoci shida a Nijeriya, kan mata kimanin 1,200 masu ciki da masu jego. An auna rabinsu da abin sauraren ƙirji mai ɗaukar zanen zuciya, kwamfutar da aka horar ta karanta. Masu raunin zuciya da aka gano ta nan sun ninka na ɗaya rabin sau biyu. Watau da yawa suna yawo da ciwon, ana cewa gajiyar haihuwa ce.

Saboda haka mai gida ya lura. In mai jego ta yi kumburin ƙafa, ko tarin dare, ko ba ta iya barci sai a zaune, kada a ce kewar gida ce ko kishi. A kai ta asibiti mafi kusa a Karaye ko Rogo, in an tura su Kano su tafi, don hoton zuciya ne ke tabbatarwa. Ɗan kasuwa ya riƙa awon jini, in yana kai 140 bisa 90 ya ga likita. Malamin da aka zo wa neman addu'a ya yi, sa'an nan ya ce a je a auna. Maganarsa ta fi ta kowa shiga kunne.

Allah Ya ƙara lafiya. Haza wasalam.